Kibiyar da Na Ɗauko Gindin Tsamiya

Allah shi gafarta mini, cikin duk abin da ya ɓace a garinmu, ƙarar tsirkiya na fi kewa. In an ja baka an saki, akwai wani ɗan kuka da igiyar ke yi, gajere, kamar mutum ya yi gyaran murya bayan danga. Da shi muke tashi da sahe lokacin da muna samari. Kahin mata su fara daka, kahin jakai su fara gardamarsu ta hanyar rijiya, sai ka ji shi daga bayan gari, ka san Baba Maikwari ya riga kowa tashi. Yanzu kuwa babur ke tada mu. Yaro na bisa amalanke, jaki na ja, shi kuma kanshi na cikin waya. Dajin da muke bi daga nan har kusa da Ɗan Kassari duk ya zama gonakin hatsi da wake, zomo ma in ya ga mutum sai ya tsaya kallo, don ya san ba mai iya taɓa shi. Ni da na sha ruwan Kwatano da Lome da Abija da Agadas, na ji kiɗa iri-iri, amma ban ƙara jin wannan kukan ba sai bana, kuma a hannun ɗiyata.

Baba Maikwari maharbi ne, shi ke koya ma samarin gari baka. Gajere ne, ƙafarshi guda ta ɗan karkace, kuma bai iya yabo ba ko kaɗan. In ka harba ka samu, sai ya ce iska ce ta taimake ka. In ka kuskure, sai ya tambaye ka ko da wani tsuntsu ka yi faɗa a sama. Shekara guda cur ba ka jan baka, aikinka yankan kyauro a fadama, ka shanya, ka gasa bisa garwashi kana miƙar da shi har yatsunka su yi kanta. Sai murza tsirkiya, sai shafa ma baka man shanu, sai ɗebo mishi ruwa, wanda ni har yau ban ga abin da ya haɗa shi da harbi ba. Yakan ce mana, kada ka ja baka kana hushi, kada ka nuna ma mutum tsini ko da wasa, in za ka shiga daji ka yi sallama ko ba ka ga kowa ba. Mukan yi dariya a ɓoye. Amma muna sallamar.

To akwai wata al'ada. Duk saurayin da ya gama koyo, za shi bar hannun Baba, sai an kai shi bakin fadama da rana tsaka, inda wata tsohuwar tsamiya take tsaye ita kaɗai. Mutanen gari ba su kiran sunan wadda ke zaune cikinta. Mai wurin kawai ake cewa. Tsohi in sun matsu sukan ce doguwa, su yi sauri su tofar da yawu. Saurayi zai tsaya daga nesa, Baba ya sa hannu cikin kwarinshi ya zaɓo kibiya guda, ya harba ta ga tsamiya, ya juya baya ya tahi gida. Sunanta kibiyar sallama. Sau guda ake harba ta a rayuwa, kuma ba a komawa ɗaukarta. Baba ya ce daji ya ara maka wuri ka koyi sana'a, to ka bar mishi abu guda naka, shi ke nan kun rabu lahiya.

Ranar tawa, kibiya tara ke cikin kwarina. Takwas ni na yi su. Ta tara ta mahaifina ce, wanda ya rasu ina goye, kuma ban da ita ba ni da ko hularshi. Na cusa ta can ƙasa, na jera sauran a sama. Tsohon nan ko duba bai yi ba, ya zura yatsu biyu ya zaro ta kamar ita ta kira shi.

Na ce, "Baba, wagga ta babana ce."

Ya ce, "Na sani, ni na ɗaure mata kai. Harba."

Na harba. Ban taɓa harbi mai kyau irin na ran nan ba, kuma ban ji saukarta ba. Munka juya munka koma gida, anka dama hura, abokaina suna ta yi mini kirari, ni kuwa ko hurar ban sha ba. Kwana uku ina juyi. Rana ta huɗu, da rana ta take, kowa ya shige inuwa, na zaga ta bayan rumbuna na nuhi fadama. Kuma ban yi sallama ba, don ɓarawo ba shi sallama.

Abin da na fara lura da shi, kurciyoyi sun yi shiru. Ko'ina a dajin nan da rana tsaka kurciya na kuka, amma da na wuce sabarar ƙarshe sai kamar an rufe ƙofa a bayana. Sai na ji daka. Luguden mace guda, a hankali, ba gaggawa, alhali babu gida ko bukka tsakanin nan da gari. Ina matsawa tana tsayawa, in na tsaya ta ci gaba. Inuwar tsamiyar sanyi gare ta irin na cikin randa, ga warin nono sabon tatsa. Jikin itacen kuwa kibau ne birjik, tun na kakanni, kyauron wasu ya ruɓe ya bar ƙarhe kaɗai. Tawa na can daidai ƙirjina. Na kama na ja, ta taho ba gardama, kamar miƙo mini anka yi. Sanyi ƙalau, kuma jiƙe, a watan da ko raɓa babu. Na juya ke nan, sai dakan ya tsaya, wata murya ta mace daga sama da kaina, can sama inda kan mutum bai kaiwa, ta ce a hankali, "A sauka lahiya."

Ban waiwaya ba. Na san dai na iso gida da takalmi ƙafa guda.

Ban gaya ma kowa ba. Amma da maraice Baba Maikwari ya iske ni bakin rijiya, ya dubi ƙafafuna, bai dubi huskata ba. Ya ce, "Kibiyar da anka zare ba ta sauka ba, har yanzu tahiya takai. Allah shi ba ka takalma masu ƙwari." Ya wuce. Maganar ƙarshe ke nan tsakanina da shi.

Bayan girbi tahin ƙafata ya fara ƙaiƙayi. Ba ƙurji, ba kumburi, can ciki yake inda farce bai kaiwa, kuma ba abin da ke kwantar da shi sai hanya. Na bi kamiyo, babbar motar albasa, na sauka Kwatano, ya lafa. Wata uku, ya dawo. Haka na yi ta yi. Na yi dako, na yi tuƙi, na sai da agogo, na yi gadin wani gidan Bature da ke da karen da ya fi ni cin nama. Duk inda na fara sanin sunan mai shayin unguwa, sai ƙafa ta ce tashi. Likitoci sun ba ni man shafawa kala-kala, wani malami a Agadas ya ba ni rubutu na sha har cikina ya yi baƙi. Mutane suna cewa wane ya ga duniya, ni ma ina taya su, ina ba da labari ana dariya. Amma na yi aure ban zauna ba. Anka haihi ɗiyata Ramatu ina Lome, uwarta ta rasu ina Abija, yayata Tamo ce ta goya ta. Na san Ramatu kamar yadda ake sanin gari ta tagar mota: ran nan tana rarrahe, ran nan ta shiga lakwal, makarantar boko, ran nan ta fi ni tsawo. Kibiyar kuwa tana ɗinke cikin ƙasan jakata shekara talatin da wani abu, ta ƙetare iyaka fiye da wasu 'yan kasuwa.

Abin dariya, da Ramatu ta tahi iniversite a Yamai, sai ga ta cikin wata ƙungiya ta masu harbin baka. Ta aiko mini hoto a waya. Na duba na duba, na ce wannan baka ne ko keken ɗinki? Ga ƙarhuna, ga sanduna sun yi gaba, ga wani ɗan madubi na saiti. Na ce Baba Maikwari da ya ga wannan da ya tambaya ina ake zuba mishi mai. Ta ce, "Baba, jini ne, kai ka ja mini." Gaskiyarta. Duk zuwan da nake yi ina ba ta labarin kyauro da tsirkiya da kibiyar sallama. Wuri guda kawai nake tsallakewa.

Bana sunka gama karatu, su biyar 'yan ƙungiyar da za su hita. Ina gida lokacin, saura kwana kaɗan in tashi, don ƙafa ta fara magana. Sai ga su da hantsi cikin motar haya, da dogon akwatin kibau da faifan da suke harbi, mai zobba-zobba masu launi. Cikinsu akwai wani dogo mai ɗan gemu da wando iya ƙwauri, suna ce mishi Ustaz, shi ke riƙon kayan ƙungiya, mabuɗin akwatin na rataye a wuyanshi. Akwai wata Marta, ɗiyar Dogon Dutsi, mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Yaya Tamo ta shimhiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa.

Ramatu ta ce, "Baba, mun zo yin kibiyar sallama. Irin taku. Za mu ɗauka a waya mu bar ma ƙannenmu na ƙungiya."

Na ce, "Madalla. Kun san dai ba a ɗaukowa?"

Ustaz ya yi murmushi irin na mai ilimi. "A'a Baba, sai dai a yi haƙuri. Kowace kibiya da lambarta. Ashirin da biyar anka ba ni, ashirin da biyar zan mayar. Mu ƙa'idarmu ba a barin hili sai an tsince duka. A harba, a ɗauki hoto, a je a zaro. Minti biyar."

Marta ta ce, "Ko ɓera ya ci guda, Ustaz sai ya kai shi gaban shugaba."

Sunka yi dariya. Ni kuwa tahin ƙafata ya yi wani irin motsi da bai taɓa yi ba. Na ce to a bari mana, ku harbi faifanku a bayan gari, a ci abinci, kowa ya kama hanya. Yaya Tamo, da ke tsinkar zogale ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ramatu ta riga ta faɗa da bakinta cikin garin ga. An ji."

Na tashi na shiga ɗaki, na farke ƙasan jakata da wuƙa, na hito da kibiyar na aje bisa tabarma. Na ba su labarin duka, har wurin da nake tsallakewa. Ban sa wasa ba, abin da Ramatu ba ta taɓa gani ba. Da na gama ta dubi kibiyar.

Ta ce, "Ke nan ranar da anka ba ni sakamakon shiga kwaleji, da ka ce mota ce ba ta jira..."

Na ce, "Mota na jira, ɗiyata. Ƙafa ce ba ta jira."

Ustaz ya gyara zama. "Baba, da girmanka, wannan fa shirka ce. Itace itace ne. Babu mai sa mutum tahiya sai Allah."

Na ce, "Malam, ban musa ba. Ban ce ka yi ma kowa sujada ba, ban ce ka yanka ko ƙadangare ba. Ku huɗu baƙi ne, ba ku ari komi ba a dajin ga, ku harbi faifanku. Amma wagga ɗiyar wurin ce. In ta harba, roƙo guda nake yi, a bar ta can. Ni na san abin da shekara talatin bisa hanya take, kuma ba ni so ta sani."

Ya juya mabuɗin a hannunshi. Yaron kirki ne, wallahi. Ya ce, "Ni ban yarda da shi ba. Kuma ba zan ce ta ɓace ba, don ƙarya ce. Zan ce uba ya roƙa, na bari. In za su yi faɗa su yi da ni."

Marta ta ce, "Yau ga Ustaz ya yi asarar kibiya da yardarshi, a rubuta ranar."

Na tambayi Yaya Tamo ko mace ta taɓa yin wannan harbin. Ta ce, "Mai wurin namiji ce?" Sannan ta nuna kibiyata da haɓa. "Kai kuma, tsohon ɓarawo, da ƙafa ka ɗauko, da ƙafa za ka mayar. Kuma ka riga ta, kada ɗiya ta yi sallama bisa kayan sata." Ashe ta sani tun ranar da na dawo da takalmi guda.

Da rana ta take munka tahi. Gonaki sun cinye fadamar duka, amma kowane manomi ya bar ma tsamiyar hili kewaye da ita, har wanda ke limanci a sabon masallaci. Na bar su bakin gona na shiga ni kaɗai. Wannan karon na yi sallama, da ƙarhi. Kurciyoyi sunka yi shiru. Sanyin nan, warin nonon nan, ba abin da ya canza, sai ni. Ban ji daka ba. Na duba jikin itacen daidai ƙirjina, sai ga ramin. Shekara talatin itace bai rufe shi ba, bakinshi ɗanye, har da ɗan ruwa yana tsattsahowa kamar jiya anka zare. Na sa tsinin a ciki, ya shige daidai. Na ce, "Ga kayanku. Na daɗe." Ba wanda ya amsa. Na juyo ina tahiya a hankali, ina jin ƙasa a tahin ƙafata, zahinta da tsakuwarta, abin da na manta yadda yake.

Ramatu ta ɗaura ma kibiyarta jan zare, ta tsaya inda na nuna mata. Ta ja wannan keken ɗinkin nata har kunne, ta saki. Sai ga kukan nan, shi dai, na bayan danga. Hawaye sunka zubo mini, na ce ƙura ce. Ba mu ji saukarta ba. Ta juya baya kamar yadda ake yi, munka taho gida gaba ɗaya, Ustaz na gaba da akwatinshi a kulle, ba wanda ya waiwaya.

Sauran sunka yi harbinsu a bayan gari, sunka tsince kibansu, anka dawo anka ci kopto, kwaɗon zogalen Yaya Tamo, da hura. Ba wanda ya tashi daga tabarmar nan, ni shaida ne, kuma akwatin na jingine da gwiwar Ustaz. Da la'asar mota ta zo, ya ce bari ya ƙirga kahin a ɗora. Ya buɗe a gabanmu yana ƙirgawa da ƙarhi. Ya kai ashirin da huɗu, hannunshi bai tsaya ba, don akwai saura guda. Da jan zarenta.

Ya ce, "Marta, ba na son irin wannan wasa."

Marta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na rantse da Allah ban tashi ba. Mabuɗi na wuyanka."

Ya ɗauko ta, ya yi sauri ya aje, ya goge hannu a riga. Na taɓa. Sanyi ƙalau, jiƙe.

Ramatu ta ce, "Baba, in koma in sake harbawa?"

Na ce sau guda ake yi. Na dubi Yaya Tamo, don ni ilimina ya ƙare nan. Ta dubi abin ta ce, "Ba ta ɗauko ba, maido mata anka yi. Wanda anka maido ma ba ɓarawo ba ne." Na ce to mi ke nan, an yahe mata ko an ƙi karɓa? Ta ce, "Ni ma ban taɓa gani ba. Wanda zai sani, Baba Maikwari, yana ƙasa." Ustaz ya yi addu'a mai tsawo, munka shafa duka har da Marta, ya kulle akwatinshi da ashirin da biyar cif, kamar yadda ya yi alkawari tun farko. Sunka tahi.

Ni dai tun ran nan ƙafata ba ta ƙara ƙaiƙayi ba. Na ga shuka, na ga noma, na ga girbi a gari guda, karo na farko tun ina saurayi. Na san sunan mai shayi da na 'ya'yanshi. Yaya Tamo ta ce na fara damunta, ta fi sona da nisa. Ramatu ta samu aiki, an tura ta can gabas, kuma kowace Juma'a bayan an sauko masallaci tana kirana. Mukan yi hirar zahi da tsadar wake, in tsokane ta a kan ko Ustaz na gaishe ta, sannan kahin mu aje in yi tambayar da ta san zan yi.

"Ƙafarki fa?"

Kullum sai ta yi dariya ta ce, "Lahiya lau, Baba, kai dai."

Juma'ar da ta wuce ban ji dariyar ba. Na ji ƙarar motoci a bayanta, da yaran tasha suna kiran gari. Sannan ta ce, "Baba, kai taka, wane wata ta fara?"